Yadda Malami Zai Riƙe Yaron da Ya Ga Tashin Hankali

A makarantun Gusau, Katsina, Birnin Gwari, Maiduguri da Damaturu, kai har Maraɗi da Diffa, akwai yaran da idonsu ya ga abin da babba ma in ya gani sai ya daɗe bai dawo daidai ba. Wani an kashe mahaifinsa a gona. Wata ta kwana a daji tana gudu da ƙaninta a baya. Wasu daga makaranta aka kwashe su ɗungurungum, kamar ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, yaran Islamiyyar Tegina da suka yi kusan wata uku a hannun 'yan bindiga a 2021 ɗin, da na Kuriga a Maris ɗin 2024. Ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta raba ɗimbin yaran Maiduguri da gidajensu cikin dare ɗaya. Akwai kuma waɗanda nasu bai shiga rediyo ba: duka a gida, fyaɗe, mutuwar uwa, haɗarin mota, gobara.

Duk su ɗin nan aji suke dawowa, a zaunar da su a benci ko a tabarma, a ce su haddace biyu sau biyu. Malamin da ke gabansu kuwa, na boko ne ko na Islamiyya, galibi abin da ya gada daga nasa malaman shi ne tsawa da bulala. Wannan bayani nasa ne, shi da malama da hedimasta da mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai. Ba zai mayar da kowa likita ba, ba a ma son malami ya ɗauki kansa likita. Abin da ake nema shi ne aji ya zama wurin da jikin yaro zai yarda cewa babu abin da zai same shi, domin sai hakan ta samu karatu ke shiga.

Kafin komai, ka san abin da ke faruwa a jikin yaron

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Masana sun gano inda wannan gudun yake fitowa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa hango haɗari. Da zarar ya hango, sai jiki ya saki sinadaran adiranalin da kotisol: zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarta, tsoka ta ɗaure, mutum ya shirya faɗa ko gudu, in duka biyun sun gagara ya sandare wuri ɗaya. A wannan lokacin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai lissafi da tsara magana da danne fushi, aikinsa raguwa yake yi. Ga mafi yawan mutane, haɗari na wucewa komai ke lafawa. Yaron da ya sha razana mai tsanani, ko ya daɗe a cikinta, nasa ba ya lafawa da wuri. Saboda haka in ka ga ya zuba wa allo ido, ka tambaye shi bai san me aka ce ba, ba lallai daƙiƙanci ba ne. Hankalinsa na kan taga da ƙofa, gadin ransa yake yi.

A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun jagoranci bincike kan manya fiye da 17,000 game da wahalhalun da suka sha a ƙuruciya. Kusan kashi biyu cikin uku sun ce sun sha aƙalla guda, kuma an ga cewa yawan wahalar na tafiya tare da yawan ciwon zuciya, shaye-shaye da ciwon damuwa a girma. Mutanen nan ba yaƙi suka gani ba, galibinsu masu rufin asiri ne da inshorar lafiyarsu. To ina ga namu? Amma kada wannan ya sa ka yanke ƙauna. Yawancin yara suna farfaɗowa, kuma abin da masu bincike suka fi yawan tararwa a rayuwar waɗanda suka farfaɗo shi ne babban mutum, ko da guda ɗaya ne, wanda ya tsaya musu bai canja ba. Yaron da ya rasa uba, uwar kuma ita ma tana cikin ɗimuwa, sau da yawa malami ne ya rage masa.

Mataki na ɗaya: ka sa ido, ka rubuta

Nemi ƙaramin littafi wanda ba na makaranta ba ne, ka ajiye inda ba mai buɗewa. Ka ɗauki kamar mako biyu kana rubuta abin da ka gani kawai, da rana da lokaci, ban da fassara. "Talata, bayan tara, ya shige ƙarƙashin benci da babura suka wuce" ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan "yaron nan matsoraci ne".

Alamomin sun bambanta da shekaru. Ƙanana sukan koma baya: fitsarin kwance ya dawo, tsotsar yatsa ta dawo, su maƙale wa babba, su yi ta maimaita wasa guda, kamar mayar da kara bindiga. Waɗanda suka ɗan tasa sukan yi ta kukan ciwon kai da ciwon ciki da asibiti ba ta ga dalilinsa ba, su yi barci a aji saboda mugun mafarki ya hana su runtsawa, su zabura in an taɓa su ta baya, su kai naushi kan abin da bai kai ya kawo ba. Samari da 'yan mata kuwa, tsallake makaranta, shan ƙwaya, maganar ɗaukar fansa, ko ƙaurace wa ƙawaye.

Wadda aka fi mantawa da ita ita ce yarinyar nan ta ƙarshen benci, wadda ba ta magana, ba ta dariya, ba ta taɓa yin laifi. Malamai har yabonta suke yi, wai natsattsiya ce. Mai faɗa ko banza ana ganinsa, ita kuwa sai ta yi shekara a gabanka ba ta nan.

Kada kuma ka ɗora komai a kan razana. A duba ido da kunne tukuna. A duba yunwa, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da sikila. Akwai wata irin farfaɗiya da ke ɗauke hankalin yaro na 'yan daƙiƙoƙi, ya tsaya cak yana kallon wuri ɗaya, sannan ya dawo kamar ba a yi ba. Wannan maganinta na asibiti.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: a tsaya gaban aji a ce, "Wanda aka kashe babansa ya ɗaga hannu." Ana yin wannan idan masu raba tallafi sun zo suna son lissafi, kuma da kyakkyawar niyya ake yi, amma tonon silili ne. In ana bukatar sunayen marayu, a nema wajen iyaye ko mai unguwa.

Mataki na biyu: ka sa ranar yaro ta zama wadda ya san yadda za ta kasance

Tashin hankali zuwa yake ba sallama. Maganinsa na farko a aji shi ne yaro ya san abin da zai biyo bayan abin da ake yi yanzu. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma ajin duka zai amfana, ko da yara ɗari ne a ciki.

Tsaya a bakin ƙofa da safe kana amsa gaisuwa, kana kiran suna gwargwadon iyawarka. A fara kowace rana da abu iri ɗaya, addu'a ce ko waƙa. Rubuta jerin darussan yini a gefen allo, kana gogewa ɗaya bayan ɗaya. In za a sami canji, faɗa tun da wuri: "Gobe ba zan zo ba, zan kai mahaifiyata asibiti, Malama ce za ta riƙe ku, jibi zan dawo in sha Allah." Ga yaron da mahaifinsa ya fita da safe bai dawo ba, ɓacewar malami ba bayani ba ƙaramin abu ba ne. In kuma ka ce za ka yi abu, ka yi, ko da duba littafi ne.

Ka bar yaron ya zaɓi wurin zamansa. Da yawa suna son inda suke ganin ƙofa, bayansu na jingine da bango. Kada ka hana shi fita fitsari, domin tsoro na matse mara, kuma fitsari a wando a gaban aji kunya ce da za ta iya raba shi da makaranta. A sami randa ko jarkar ruwa a kusa. Karatun ma a yanka shi ƙanana: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a maimaita ba tare da ƙosawa ba, a yaba ɗan abin da ya yi daidai. Yaron da ya yi shekara biyu a sansanin gudun hijira ba karatu, kada a kira shi gaban allo ba shiri a gaban ƙannensa.

Mataki na uku: gano abin da ke tayar masa da hankali

Littafinka zai nuna maka. Galibi za ka tarar da ƙarar babura da yawa a tare, fashewar taya, bugun ƙyaure in iska ta taso, jirgi mai saukar ungulu, warin hayaƙi lokacin ƙona daji, mutum mai kaki ko wanda ya rufe fuska da rawani. Wani lokacin wuri ne ko sa'a: yaran Kuriga da safe aka kwashe su, daidai lokacin asambili, don haka ga yaro irin wannan tsayuwa a layi da safe kanta abin fargaba ce. Ɗaliban kwana da aka far wa da dare kuwa, ɗauke wuta ya ishe su.

Abin da za a iya kawarwa a kawar. A sa dutse a tare ƙyaure. In tsohon ƙarfen taya ake bugawa a matsayin ƙararrawa, a matsar da shi daga jikin tagar ƙananan azuzuwa. In jami'an tsaro za su zo ziyara, a gaya wa yara tun jiya. Abin da ba ya kawuwa, a riƙa ba shi suna da murya a kwance: "Wancan babur ɗin masu kai kaya kasuwa ne, yau Laraba." Haka za ka yi ta yi har jikinsa ya fara bambancewa.

Mataki na huɗu: idan abin ya taso a tsakiyar darasi

A ce iska ta maka ƙyaure da bango, yaro ya yi ƙara, ya kifar da benci, ya nufi taga. Ko yarinya ta dafe kai ta durƙushe tana kakkarwa. Ga yadda za ka bi.

Ka fara da kanka. Ja numfashi, ka sassauta murya, ka ajiye abin da ke hannunka, musamman in sanda ce ko rula. Yaro fuskarka yake karantawa kafin maganarka. Sai ka ba sauran aiki nan take, "Monita, a ci gaba da karanta shafin nan," don kada su yi masa zobe. Taron ido ƙara wa abin wuta yake yi.

Matsa kusa ta gefe, ta inda yake ganinka, kada ta baya, kada kuma ka tare masa ƙofa. Tsuguna har idonka ya zo daidai da nasa. Kada ka cafke shi, sai dai in zai ji wa kansa ko wani ciwo. Kira sunansa, ka faɗi gajerun maganganu: "Yarona, ni ne, malaminka. A aji muke. Ƙofa ce iska ta buga. Ina nan tare da kai." Ka maimaita, domin da wuya ya ji a karon farko. Kada ka ce "Me ya same ka?" ko "Yi shiru mana!" Sashen ƙwaƙwalwar da zai amsa tambaya ba ya aiki yanzu.

Daga nan ka taimaki jikinsa ya sauko. Miƙa masa ruwa ya kurɓa, ko ya shafa a fuska. Ce masa ya taka ƙasa da ƙarfi ya ji tafin ƙafarsa. Ku yi numfashi tare, a ja ta hanci a hankali, a fitar ta baki a hankali fiye da yadda aka ja, kamar mai hura koko mai zafi; fitar da numfashi a tsawace shi ke rage bugun zuciya. Sai ka ce ya faɗa maka abubuwa biyar da yake gani a ɗakin: allo, taga, buta, takalmi, alli. Wannan na dawo da shi daga can inda ya tafi zuwa nan. In ya saba da wani zikiri ko addu'a, ku yi tare a hankali.

In ya lafa, ba shi zaɓi: "Za ka zauna a nan, ko za ka ɗan zauna a inuwa inda nake hango ka?" Wanda aka taɓa ƙwace wa iko da kansa, ɗan zaɓi irin wannan yana da girma a wurinsa. Maganar bencin da ya kifar a bar ta sai an tashi, ko ma sai gobe. Idan yarinya ce ta tasa kuma malamin namiji ne, a kira malama, kuma kada a keɓe a ɗaki a rufe.

Yana da kyau a koya wa ajin duka wannan numfashin tun lafiya lau, minti biyu bayan an dawo daga tara. Abin da ba a saba da shi cikin natsuwa ba, ba ya zuwa a lokacin ruɗewa.

Mataki na biyar: horo ba da duka ba

A nan ne gardama take. Malamai za su ce, "Mu ma an dake mu, ga mu mun zama mutane." Iyaye ma wani lokaci su ke kawo yaro su ce, "Malam, nama naka, ƙashi namu." Sai dai yaron da muke magana a kansa dabam ne. Wanda ya ga an ɗaure mutane ana dukansu, in ka ɗaga masa dorina, ba laifinsa yake tunawa ba, dajin yake komawa. Zai yi shiru, ka zaci ya ji horo, alhali sandarewa ya yi, kuma daga ranar kai ma ka shiga sahun waɗanda yake tsoro. Haka tsallen kwaɗo, durƙuso a rana, kullewa a ɗaki, da zagin da ya taɓa iyaye.

Wannan ba ya nufin a sakar masa ya yi abin da ya ga dama. Sangarta ma cutarwa ce, domin tana gaya masa cewa an fid da rai da shi. Dokokin aji su zama kaɗan, huɗu ko biyar, a tsara su tare da yaran, a rubuta a bango, kuma kowa ya san sakamakon karya su tun kafin a karya. Sakamakon ya dace da laifin: wanda ya kifar da benci ya gyara, wanda ya yaga littafin wani ya liƙe ya ba da haƙuri, wanda ya ɓata lokacin aji ya biya da nasa. A yi maganar a gefe, bayan zuciya ta sauka, kuma a raba yaron da aikinsa: "Fushin da ka yi na gane shi, amma duka ba a yin sa a ajin nan. Gobe in ka ji yana tasowa me za ka yi?" Kuna iya shirya wata alama tsakaninku, kamar ya ɗora hularsa a kan benci, ka gane yana bukatar ya fita ya sha iska na minti biyar.

Ga malamin da ke son hujja daga addini, ya tuna Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Ƙanin Anas ɗin kuma, Abu Umair, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu, Annabi da kansa yake tambayarsa labarin tsuntsun. Baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ma an ba shi muhimmanci.

Kora daga makaranta ta zama ta can ƙarshe. Saurayin da aka kora a garin da 'yan bindiga ke neman yara, kowa ya san inda aka tura shi.

Mataki na shida: in ya buɗe baki ya faɗa maka

Kada ka tono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa zaunar da waɗanda bala'i ya shafa a sa su zayyano abin da ya faru daki-daki da sunan rage musu raɗaɗi, domin ba a ga amfaninsa ba, yana ma iya ƙara wa wasu ciwo. A jagorar taimakon farko na kwantar da hankali da ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi, abu uku ta ɗora aikin a kai: a duba, a saurara, a haɗa mutum da inda zai sami taimako. Saboda haka ba a sa yaro rubuta insha'i kan "ranar da aka kawo mana hari", ba a kuma tsayar da shi gaban baƙi ko kyamara ya ba da labari.

Amma in shi ya kawo maganar don kansa, sau da yawa a lokacin da ba ka zata ba, kana haɗa littattafai ko kuna tafiya, to tsaya da abin da kake yi. Saurara, kada ka katse shi, kada ka yi salati da ƙarfi ko ka nuna razana, don zai ga ya ɗora maka nauyi ya yi shiru. Ka yarda da shi. Ka ce, "Ka kyauta da ka faɗa mini. Ba laifinka ba ne." Wannan ta biyun ka faɗe ta ko bai tambaya ba, domin yara da yawa suna ɗauke da zaton cewa su suka jawo: da ban yi kuka ba da ba su gan mu ba, da ban saki hannun ƙanwata ba.

"Ka yi haƙuri, ƙaddara ce, ka manta" magana ce ta alheri a bakin mai faɗinta, amma in ita ce farkon abin da ya ji, rufe masa baki take yi. Haƙuri da tawakkali suna da wurinsu bayan an saurare shi.

Kada ka yi alkawarin riƙe sirri kafin ka ji. Ce masa, "Ba zan yaɗa ba, amma in akwai mai cutar da kai, dole in gaya wa wanda zai iya kare ka, kuma zan faɗa maka kafin in gaya masa." Bayan ya tafi, rubuta abin da ya ce da kalmominsa, da kwanan wata. Ɗakin malamai ba wurin ba da wannan labari ba ne.

In fyaɗe ne, lokaci na da muhimmanci ƙwarai: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. A kai asibiti a ranar. Akwai cibiyoyin da aka ware don wannan, kamar Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato. In kuma wanda ake zargi ɗan gida ne, kada a fara da kiran gidan. Hedimasta ya nemi jami'an walwalar jama'a. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa maslahar yaro gaba da komai, kuma rufa-rufa don kare sunan gida ko na makaranta ba maslaharsa ba ce.

Mataki na bakwai: wasa, da sauran yara

Yaro ba ya warkewa da magana kaɗai. A bar lokacin wasa yadda yake, kada a cinye shi da darasi ko a hana shi a matsayin horo. Langa, 'yar gala-gala, carafke, ƙwallo, gaɗa, duk abin da ke da tafi da amshi da motsa jiki tare yana kwantar da jiki. A yi hattara da wasan ɓuya da duk wanda ake rufe ido ko a bi mutum a guje. A ba su takarda su zana abin da suke so, in ya zana bindiga da wuta kada ka yaga, kada ka yi masa fassara, ce masa kawai, "In kana so ka ba ni labarin zanen, ina ji." Tatsuniya ma hanya ce, domin yaro kan faɗi tsoronsa ta bakin Gizo abin da ba zai faɗa da nasa ba.

Sai tsangwama. Yarinyar da ta dawo daga hannun masu garkuwa, ko yaron da aka haifa a can, abin da ke jiransu a filin makaranta wani lokaci ya fi bulala ciwo: sunayen banza, gudun zama kusa da su, raɗe-raɗi. Wannan ba a kau da kai a kansa ko sau ɗaya. A tsawatar nan take, a kuma haɗa yaron da abokai biyu masu hankali. A ba shi wani aiki da ake dogara da shi, riƙe alli ko ban ruwan shuka.

Mataki na takwas: iyaye da malaman unguwa

Je ka gidan, ko ka aika a kira, amma kada zuwanka na farko ya zama na kai ƙara, don duka za ka jawo masa. Fara da abin yabo, sannan ka tambaya: "Baba, yaya barcinsa da dare? Yana cin abinci?" Ka tuna su ma abin ya shafe su. Shawarar da za ka ba su mai sauƙi ce: kada a dake shi kan fitsarin kwance, a bar masa fitila in yana tsoron duhu, a daina kallon bidiyon gawarwaki a waya a gabansa, a daina maimaita labarin harin yana zaune.

Da yawa za su ce iska ce ko aljanu, musamman in yarinya na faɗuwa tana sambatu. Gardama da su ɓata lokaci ne, kuma za ta rufe maka ƙofa. Ce musu a ci gaba da addu'a, a haɗa da asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Inda za ka tsaya kai da fata shi ne duka, ɗauri, turara hayaƙi mai shaƙe numfashi, ko cire yaro daga makaranta da sunan magani. Liman ko fasto da ya fahimci wannan ya fi takarda goma daga ofis tasiri, saboda haka a jawo su cikin kwamitin makaranta tun farko.

Mataki na tara: san inda naka ya tsaya

Makonnin farko bayan tashin hankali, firgita da mugun mafarki ba abin mamaki ba ne. In abin ya wuce wata guda bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, ko ya hana yaro ci da barci da zuwa makaranta, a nemi ma'aikacin lafiya. Wasu alamomin kuwa ba a jira da su ko kwana ɗaya: maganar kashe kai ko fatan mutuwa, yanka jiki, jin muryoyi, daina magana ɗungum, ko barazanar cutar da wani. In ka ji yaro ya ce gara ya mutu, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai.

A fara da asibitin da ke kusa, su za su tura gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ga sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Hedimasta ya rubuta lambobin da ake bukata ya liƙa a ofis tun kafin ranar ta zo, kuma a ware malami ɗaya da malama ɗaya da kowa ya san su ake kai wa irin wannan magana.

Abin da ya rage ga hedimasta

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a Oktoban 2021. Yarjejeniya dai ba ta gyara katanga, kuma ba yadda za a yi ka ce wa yaro yana cikin aminci alhali ƙofar makaranta a wangale take. Kada ma ka yi masa alkawarin cewa ba za a sake kawo hari ba. Faɗa masa abin da ke gaskiya: ga mai gadi, ga inda za mu bi, ga wanda za a kira. In za a yi atisayen gudu, a sanar tun da wuri, a yi shi a tafiye, ba ihu, ba kwaikwayon harbi.

Malaman su ma a duba su. Wani ya biya kuɗin fansar ɗan'uwansa, wata ta bar garinsu da kayan jikinta, ga albashi ba ya kai wata. Malamin da ke zabura da ƙarar babur ba zai iya kwantar da yaro ba sai shi ma an saurare shi. A ware rabin awa a mako, malamai su zauna su tattauna abin da ya yi musu nauyi ba tare da kiran sunan yara ba. Wanda ya ga barcinsa ya lalace ko fushinsa ya yi kusa, a sauƙaƙa masa aiki na ɗan lokaci, ya je shi ma a duba shi.

In shekara ta ƙare yaro zai canja aji, tsohon malami ya zauna da sabon ya gaya masa abin da ke aiki: inda yaron yake son zama, abin da ke tayar masa da hankali, alamar da suka shirya tsakaninsu. Labarin abin da ya faru da shi ba sai an ba da ba, sai in yaron da iyayensa sun yarda. Kafin a tafi hutu kuma, a kai shi ya ga sabon ajin, ya gaisa da sabon malamin.